Inda Indararo Yake Zuba

Shekaranjiya Nazifi, wani matashi da ke ajiye wa mutane raguna a bayan Ƙofar Kabuga, ya zo zaurena da 'yar leda a hannu. Ya gaishe ni, ya zauna, ya ce tattabaru sun hana shi sakat, suna cinye dusa suna zuba kashi a komin ruwa. Na ce masa aikin wata guda ne. Ya yi dariya.

"Haba Baba Habu, wata guda a kan tsuntsu? Na gani a waya. Da safe ake barbaɗa wannan, kafin azahar an gama."

Na karɓi ledar na duba. Garin nan ne dai na kashe ƙwarin gona, ko launinsa bai canza ba. Na ajiye ta a bayana, na ce ya gyara zama. Abin da na gaya masa shi nake rubutawa a nan, don ba shi kaɗai ba ne. Samarin da ke wannan harka yanzu gani suke korar tsuntsu wasa ne, ka tafa hannu su tashi. Suna tashi kam. Kafin ka juya baya sun sauka.

Gidajen cikin birni a matse suke. Mutum zai sayi ɗan rago tun da sauran watanni kafin babbar Salla, ba shi da inda zai kafa turke, sai ya kai wa mai garke ya riƙe masa. Haka mai doki ɗaya, haka mai saniyar tatsa. Duk inda aka tara dabbobi kuwa an tara dusa da ƙaiƙayi da ruwa, kuma tsuntsu ya fi kowa saurin samun labari. Tattabara ta zo, hasbiya ta zo, gwara ta zo, hankaka ya biyo baya. Abincin da suke ci ba shi ne babbar ɓarna ba. Kashinsu ne. In ya zuba a ruwan sha sai ka ga rago ya kama zawo, ya rame, gashinsa ya tashi. Sheƙarsu kuma tana tara ƙuma. Aikina shi ne rage su har su daina cutarwa. Ragewa na ce. Wanda ya ce maka zai ƙarar da tsuntsu daga garke, ko maƙaryaci ne ko mai guba.

Aikin farko da na bi maigidana, a wata barga ce a unguwar Sheshe. Sunansa Malam Bappa, Bafillace ne da iyayensa suka daɗe da ajiye sanda suka zauna a birni. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, na zo da majajjawata a aljihu ina jin yau za a ga aiki. Ya karɓe ta ya jefa a jakarsa, ya nuna mini wani turmi da aka kife a gindin katanga, ya ce in zauna. Da la'asar ya dawo.

"Me ka gani?"

"Tsuntsaye, Malam."

"To madalla, ba makaho aka ba ni ba. Gobe ka dawo."

Kwana uku ina kan turmin nan. A rana ta uku na iya gaya masa cewa tattabarun daga gabas suke zuwa da fitowar rana, a kan wata katanga suke fara sauka kafin su faɗa barga, kuma ba hatsi ne ya fi jawo su ba, wata fasasshiyar randa ce mai ɗigar ruwa. Ya ce a ɗauke randar. Cikin mako guda rabinsu suka daina zuwa, ba mu taɓa ko gashin ɗaya ba. Ya dube ni ya ce, "Munyal." Haƙuri ke nan da Fillanci. Shekara shida na yi tare da shi, ban ji kalmar da ya fi maimaitawa ba.

Kayan aikinmu ba su cika buhu ba. Tsani, doguwar gora, raga ta toshe bakin rumfa, tsintsiyar kwakwa, sai ƙaramar tukunya. Akwai asuta, wato zargen gashin wutsiyar doki, amma Malam Bappa ba ya kafa ta sai an matsa, kuma abin da ta kama a yanka shi da bisimilla a ci. Tukunyar ita ce abin da masu garke suka fi yi wa dariya. In ka sami sheƙar tattabara da ƙwai biyu ka fasa, ba ka yi komai ba, kafin kwana goma ta sake saka wasu. Sai ka ɗauke su ka dafa, su huce, ka mayar mata. Za ta yi ta kwanci a kai har ta gaji. Haka ake rage garken tsuntsu ba tare da ya ankara ba.

Mutum-mutumi kwana uku yake aiki. A na huɗu za ka tarar da tattabara a kan hularsa. Igiyar gwangwani ma haka, zaren kaset ma haka. Hankaka kuwa fuska yake ganewa. Na taɓa rushe sheƙar wani a kan giginya kusa da wani garken awaki, ya yi wata biyu yana bina da kuka duk sanda na shigo layin, ko na sauya riga. Carki kuma, mai zama a bayan doki, mutane na cewa kaska yake cirewa. Yana cirewa, amma in ya sami gyambo ba zai bar shi ya warke ba. Maganinsa ba a jikin carkin yake ba. Ka wanke gyambon, ka rufe shi da tsumma, carki ya nemi wani wuri.

Masu garke iri-iri ne, amma mafi wahalar sha'ani shi ne mai son ganin gawa. Za ka yi mako biyu kana aiki, tsuntsaye sun ragu, dabbobinsa sun murmure, ya zo ya tsaya hannu a ƙugu.

"Malam, ni fa ban ga abin da ka kashe ba."

Sai ka nuna masa komin ruwa, ka ce ya leƙa ko zai ga fuskarsa.

Bayan rasuwar Malam Bappa na shiga duniya. Na yi rakiyar shanu har Kumasi, inda na ga ungulu na yawo a tsakanin mahauta kamar kaji ba mai kora. Na zauna a bakin tafkin Chadi, na koyi Barbarci da Larabcin Shuwa, na ga masu kama jan-baki da raga suna soyawa suna cika buhuna. A Makka tattabara ba ta da abokin gaba, sai dai masu shara su yi ta wanke wuri. A Masar kuwa gini suke yi mata, dogo mai ramuka, nesa da gida, su kwashi takin. A ko'ina dai na lura mutane sun san ƙasarsu, sun yi dabara daidai da ita. A Sudan na fi daɗewa, a manyan gonakin dawa, inda jan-baki, da suke kira zarzur, yake rufe rana in ya taso. Can na fara ganin ana kashe tsuntsu da magani. Fili ne iya ganinka, babu maƙwabci, babu rumfa, babu rijiya kusa. Na ga yadda ake yi, na riƙe a kaina. Da na dawo gida aka laƙaba mini Ɗan Sudan, kuma ina jin daɗin a tambaye ni yadda ake yi a can.

Garken Malam Inuwa yana kusa da Goron Dutse, kuma gado ne daga mahaifinsa. Tare muka yi makarantar allo da shi. Ba ya rubuta komai, amma ya san kowane rago da mai shi, ya san wanda ba ya cin kowar wake sai an jiƙa. Mutane na kawo masa dabba su tafi wata biyar ba su leƙo ba. A shekarar da nake ba da labari, sama da shekara talatin ke nan, babbar Salla ta faɗo a bakin damina. Raguna arba'in da wani abu ne a hannunsa, tattabaru kuma suka yi masa yawa irin wanda bai taɓa gani ba. Ya aiko aka kira ni.

Na zauna na kwana biyu ina kallo. Katanga ɗaya ce tsakanin garken da gidan wata tsohuwa, Gwaggo Hauwa. Kullum da fitowar rana tana hawa saman soronta, ta ƙwanƙwasa wata tasa da ludayi, ta watsa gero. Tattabarun unguwa uku ne ke amsa kiran. In sun gama da nata sai su gangaro kan rumfar kwanon Malam Inuwa su wuni. Na yi sallama na shiga wurinta.

"Wai kai ne mai faɗa da tattabaru?"

"Ba faɗa nake yi ba, Gwaggo. Sulhu na zo nema."

"Shekara goma sha ɗaya ina zuba geron nan, tun ranar da aka yi bakwai ɗin maigidana Malam Ɗahiru. Sadakarsa ce. Yanzu ragunan Inuwa ne za su tare masa lada?"

"Ladan ba a saman soro yake ba, Gwaggo. Duk inda aka zuba zai same shi."

"Ji min Ɗan Sudan da wa'azi! Can ka je ka koyo wayo, ka dawo ka gwada a kan tsohuwa?"

Sai da na yi zuwa uku kafin ta yarda. Ta miƙo mini tasar da ludayin, ta ce sharaɗinta ɗaya, in zan watsa in ambaci sunan mijinta.

Wannan dabara ita muke kira jan tsuntsu. Lokaci ɗaya, ƙara ɗaya, hatsi ɗaya, sai dai wurin ne ke matsawa kaɗan-kaɗan. Na fara daga soron maƙwabcinta, bayan kwana uku na koma na gaba, daga nan wani kango, ina nufin wani fili a gindin dutsen. A garken kuma na sa aka rufe buhunan dusa, aka tsayar da lokacin ba da abinci, na ja raga a bakin rumfa, na dafa ƙwai. Na hau rufin kwanon na kankare kashin shekaru, na wanke shi tas. Malam Inuwa ya haɗa wa rumfar indararo, wanda ke zuba a rabin duro guda biyu da ragunan ke sha, don ya huta da 'yan ga-ruwa in damina ta sauka. Al'ada ce a bar ruwan farko ya zube ƙasa, don shi ke wanke rufi. Ranar da na sauko daga tsani na ce masa da bakina, "Bana ko ruwan farko ka tara. Rufinka ya fi kwanon cin abincina tsabta."

Kwana goma sha tara ina ja. Yawancinsu sun bi tasa, amma akwai wasu kamar sittin da aka ƙyanƙyashe a cikin rumfar, su ba su san wani gida ba. Raguna uku suka kama zawo. Wani Alhaji ya zo ya kwance nasa biyu a gaban mutane ya tafi da su. Saura kwana goma sha biyu Salla. Malam Inuwa ya tare ni a bakin ƙofa.

"Habu, kana ta yawo da tasa kamar mai tallan koko, ni kuma ana kwance mini raguna."

"Ka ƙara mini kwana goma."

"Kwana goman nan Salla ce. Kai da ka zaga duniya, ba ka ga komai ba sai dafa ƙwai? Ka yi duk abin da za ka yi."

Bai ce guba ba. Da na ambata masa da ya hana, na sani, shi ya sa ban ambata ba. Na je kasuwa na sayi garin nan, na gauraya da tsabar dawa. Washegari da sassafe na hau tsani kamar mai duba raga, na barbaɗa a kan rufin, can tsakiya inda rago ba zai kai ba, inda kazar maƙwabci ba za ta kai ba. Na yi lissafin komai da ke ƙasa. Niyyata in dawo da hantsi in share rufin in kwashe abin da ya faɗi. Sama fes take. Na wuce na buga tasar Gwaggo, daga nan na tafi wani aiki a Sheshe.

Ina kan tsani a Sheshe iska ta juya. Na waiga gabas na ga hadari ya haɗo. Na bar tsanin a jingine na kama gudu. Ban kai rabin hanya ba aka sauke ruwa. Ba wani ruwan kirki ba ne, bai fi a sha shayi a tashi ba, daidai wanke rufi. Lungunan suka cika da yara da mata masu tara bokitai, ina ratsa su ina zamewa.

Da na isa, ragunan layin gaba sun riga sun sha. Dawar ma ta gangaro cikin duron, sun tsince. Na tarar da wasu a tsaye suna karkarwa, yawu na dalala, wasu sun durƙusa suna shure-shure, kumfa a baki. Tattabaru a zube a gindin katanga. Na kifar da duron biyu da ƙafa. Malam Inuwa yana tsakiya da wuƙa a hannu, an riga an kira mahauta biyu, maƙwabta sun cika ƙofa. Kowa ya san abin da ake yi in dabba za ta mutu: a yanka kafin ta zama mushe, a raba naman ko a sayar, kada a yi asara biyu. Har an kayar da na farko an fuskantar da shi gabas. Wata mata ta aiko da roba a saka mata.

Na riƙe hannun mahaucin.

"Kada ku yanka. Ko kun yanka ba mai ci."

"Saboda me?" in ji shi. "Ai da ransa."

"Guba ce. Na zuba a kan rufi da safe."

Mahaucin ya saki ragon. Wani daga baya ya ce, "La'ilaha illallahu! Da yanzu yaranmu ne." Wani ya fara matsowa yana naɗe hannun riga. Malam Inuwa ya dube ni, ya dubi indararon da har yanzu yake ɗiga. Ya ajiye wuƙar a kan turke, ya juya ga jama'a.

"Ni na sa shi. Garkena ne, amanar a hannuna take. Mai magana ya yi da ni."

Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. "Habu, ɗauko shebur."

Goma sha bakwai suka mutu kafin la'asar. Likitan dabbobi ya zo ya ceci wasu. Muka haƙa rami mai zurfi a bayan gari, nesa da kowace rijiya, muka binne su tare da tsuntsayen, muka zuba toka muka danne da duwatsu saboda karnuka. Ko fata ɗaya ba a feɗe ba.

Washegari ya bi gidajen masu ragunan ɗaya bayan ɗaya, da ƙafa, ni ina biye. A kowane zaure maganarsa ɗaya ce, shi ya yi ganganci. Na sami mai unguwa na faɗa masa gaskiyar yadda aka yi. Ya ce ya ji, amma mai garke ya riga ya ɗauka a gaban jama'a. Yawancin mutanen ba su ɗaga murya ba. Wani tela da ya yi wata bakwai yana tanadin layyarsa ta farko ya ce, "Allah ya mayar da alheri, Malam Inuwa. Ƙaddara ce." Ya rako mu har bakin titi. Haka suka yi ta faɗa, kusan dukkansu. Kafin kwana uku kuma masu sauran ragunan suka zo suka kwance abinsu, kowa da uzurinsa mai daɗi. Da shekara ta zagayo ba wanda ya kawo masa ko ɗan akuya.

Ya yi shekara biyu yana share garken kullum da safe, turaku a jere babu igiya. Daga baya ya koma sayar da harawa a bakin hanya, a nan ya tsufa. Ban daina zuwa wurinsa ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba. Sau ɗaya na tayar, ya ce, "Ɗan Sudan, riƙe mini bakin buhun nan." Ni kuwa aka ci gaba da kirana aiki, don mutane sun tafi a kan cewa umarni na bi. Ya rasu shekara tara ke nan. Wurin garken shaguna ne yanzu.

Na mayar wa Gwaggo Hauwa tasarta kwana biyu bayan abin. Ta ƙi karɓa.

"Kai ka ja su, kai za ka ci gaba da ciyar da su. Waɗanda suka bi tasa ba su mutu ba, ko?"

"Ba su mutu ba, Gwaggo."

"To da ka jira."

Kwana bakwai bayan haka jan ya kai gindin dutse, kamar yadda na lissafa tun farko. Tasar tana wurina har yau, ludayin ne na sauya sau huɗu. In na watsa geron sunaye uku nake ambata: Malam Ɗahiru, Gwaggo Hauwa da Malam Inuwa.

Da na kai nan Nazifi ya dubi ledar da ke bayana. Bana ma Salla ta sake zagayowa bakin damina, shi bai san ta taɓa faɗowa a nan ba, don ba a haife shi ba. Can ya ce, "To Baba, ledar fa?"

Na ce ledar ta zama tawa. Na tambaye shi rumfarsa ta kwano ce, ya ce e. Na tambaye shi ina ruwanta yake zuba. Ya ce bai taɓa lura ba.

"Tashi ka je ka duba yanzu, ka dawo ka gaya mini. Gobe da fitowar rana kuma ka nemi abin zama, ka zauna a garkenka, kada ka kori komai."

Ya tashi yana sa takalmi. Na leƙa ta ƙofar zaure. Gabas ta fara duhu.